Neman Shawara a Kan Sojan da Ya Bar Amininsa a Kogi

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa marubuta. Ina zaune a Jidda, ina rubuta ƙagaggen labari a kan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, kuma babi guda ya cije mini.

Labarin na sojoji biyu ne a Runduna ta Biyu da Murtala Muhammed ya jagoranta, lokacin da ta yi yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoban 1967, inda aka yi asarar rayuka da yawa. Da wuta ta kama jirginsu, ɗayansu ya faɗa ruwa ya bar amininsa kwance da rauni, alhali sun yi alƙawarin ba mai barin ɗan'uwansa. A kwanton ɓaunar da sojojin Biyafara suka yi wa ayarin motocin rundunar a garin Abagana kuwa, cikin Maris 1968, wanda ya gudun nan ne na sa ya kutsa cikin motocin da ke ci da wuta yana jawo mutane.

Matsalar ita ce, idan na buɗe wa mai karatu zuciyarsa har ya ji tsoron da ya kama shi, sai a yafe masa tun kafin ya cancanta. Idan kuma na rufe ta, sai jarumtakarsa ta baya ta zama tamkar ƙarya. Wani dattijo a unguwarmu da ya karanta ya ce matsoraci ba ya zama gwani, ni kuwa ban yarda mutum yana ƙarewa a dare guda ba.

Shin da bakinsa ya kamata ya ba da labarin, ko da bakin wani da ya gan shi yana gudu? Waɗanda iyayensu suka yi yaƙin kuma, don Allah ku gaya mini: sojan da ya gudu ya dawo, abokansa na ci gaba da cin abinci kwano ɗaya da shi?