Ina so in koyar da yarana a gida bana, wane tsarin karatu zan bi?

Maman Abba, Garwa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma a yi haƙuri maganar tana da ɗan tsawo. Ina da yaro ɗan shekara 8 mai ciwon sikila, bara yana CP, wato aji biyu na firamare a nan Kamaru, amma wallahi in an haɗa kwanakin da ya je lekol, wato makaranta, ba su kai rabin shekara ba, da hunturu ya shigo a watan Disamba sai ciwon ƙashi ya tashi, mu kwana asibiti mu dawo, kafin ya murmure zafin Maris da Afrilu ya sauko, kun dai san zafin Garwa, yaron da aka ce kar ya rabu da shan ruwa ga shi a aji cunkushe da yara fiye da ɗari, metir, wato malami, ɗaya, wa zai lura da shi. An wuce da shi CE1, aji uku, amma jiya na ba shi kayensa, wato littafin rubutunsa, na ce karanta min, sai ya tsaya yana kallon rubutun kamar bai taɓa gani ba, wasu layukan ya haddace su da ka amma in na nuna kalma ɗaya da yatsa sai ya yi shiru. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Mun yi magana da babansu, ya yarda in riƙe shi a gida bana in koya masa da kaina, tare da ƙanwarsa mai shekara 6 da ya kamata ta shiga SIL, ajin farko. Ni dai na yi karatu har na samu BEPC, takardar kammala ƙaramar sakandare, ba malama ba ce. To abin da ya ɗaure min kai shi ne littattafai. Wata ƙawata ta turo min takardu ta WhatsApp na masu koyar da yara a gida a Amurka, wata ta ce in yi musu rajista da CNED, makarantar Faransa mai koyarwa daga nesa, ƙanin mijina kuma da ke zuwa Yola ya ce zai sayo min na Najeriya sun fi araha. Wanne zan kama? Awa nawa zan riƙa zama da su? Kuma in lokacin CEP, jarrabawar kammala firamare, ya zo ya za a yi?

Tsohon Metir, Marwa:

Wa'alaikumus salam ƴata. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Na daɗe ina riƙe alli kafin in yi ritaya, kuma ƙananan aji na fi koyarwa, don haka ki saurare ni.

Kafin ki sayi ko littafi ɗaya ki tambayi kanki ina yaron nan zai koma. In dai nan Kamaru zai rubuta CEP da jarrabawar shiga siziyam, wato ajin farko na sakandare, to tsarin MINEDUB, ma'aikatar ilimin firamare, za ki bi, ba na Amurka ba, ba na Najeriya ba. Littattafan Yola ba su da laifi amma da Turancin Ingilishi aka rubuta su, lissafin cikinsu da naira, an shirya su don wata jarrabawa daban. Na Amurka kuma za ki tarar ana auna tsawo da inci ana maganar dusar ƙanƙara, yaron da bai gama gane harafi ba kin ƙara masa wani kaya. CNED makaranta ce ta gaske, amma manhajar Faransa take koyarwa kuma da yuro ake biya, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ki yi lissafi da kanki.

Namu tsarin da aka sabunta a 2018 ya raba firamare mataki uku, SIL da CP, sai CE1 da CE2, sai CM1 da CM2. A mataki na farko an ɗora darussa a kan jigo takwas da ake bi wata bayan wata, gida, ƙauye da birni, makaranta, sana'o'i, tafiye-tafiye, lafiya, wasanni, da sadarwa. Kin ga wannan ma ya fi sauƙi ga uwa, domin watan da ake maganar sana'o'i ga tela nan a ƙofar gida ga mai gyaran moto. Ki nemi littafin manhajar mataki na farko a wajen wani malami ki yi fotokofi, sannan ki karɓi jerin littattafan da gwamnati ta amince da su na bana, littafi ɗaya ne ga kowane darasi. Ba sai kin saye su duka ba. Na Faransanci da na lissafi su ne dole, na Ingilishi ya biyo baya in hali ya yi.

Amma ga inda nake so ki fi kulawa. Ki manta an ce yaronki ɗan CE1 ne. Yadda kika kwatanta shi, hadda ya yi, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, to ki mayar da shi farko ki haɗa shi da ƙanwarsa, babu kunya a ciki. Ki samo silaber, wato littafin koyon haɗa baƙi da wasali, ko tsohuwa ce, da ardwaz, ɗan allon hannu na yara, da alli. A fara da wasula, a ɗauki baƙi ɗaya, m da a ma, m da i mi, kar a wuce sai ya zauna daram. Ki faɗi gaɓa su rubuta a ardwaz su ɗaga ki gani, a goge a sake. Kuma yaran Hausawa akwai inda suke tuntuɓe kullum, p da f, za ki ji ya ce fafa maimakon papa, haka v da b, da kuma u ta Faransanci da yake mayarwa i. Na kan sa yaro ya riƙe ƴar takarda a gaban bakinsa ya faɗi p ya ga ta motsa lokaci ɗaya, sannan ya ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa ya busa f. Bayan nan sai a shiga sautukan ou, on, an, in, oi, a nan ne yawancin yara suke ɓata, ki ba kowanne kwanakinsa.

Kuma ki yi musu bayani da Hausa, kar wani ya tsorata ki. Mu a aji dole ce take sa mu yi ta Faransanci don yaran harshensu daban-daban, wani Fillanci wani Giziga wani Mundang. Ke kina da abin da ba mu da shi.

Maganar takardu kuwa kar ki yi wasa da ita. Karatun firamare tilas ne a kundin tsarin mulkinmu, don haka kar ki janye yaro shiru. Ki je wajen darektan makarantarsu da takardar likita ki yi masa bayani, in ya yiwu a bar sunansa a rajista yana zuwa rubuta jarrabawar aji, sannan ki leƙa ofishin insifekta na arondismanku, wato gundumarku, ki ji ta bakinsu. Ana rubuta CEP a matsayin kandida libir, wato wanda ba makaranta ce ta gabatar da shi ba, amma ba a karɓar dosiye, wato takardun rajista, sai da takardar haihuwa. Kina da tasu? In babu, ki fara neman jugement supplétif a kotu tun yanzu, wato hukuncin da ake samun takardar haihuwa da shi in lokacin yin ta ya wuce, na sha ganin yaro mai ƙoƙari ya kai CM2 ya zauna a gida ranar jarrabawa saboda wannan takardar kaɗai.

Ummu Khairi, Ngaundare:

Ƴar'uwa sannu, ni na yi wannan abin shekara biyu da ƴata lokacin da muke zaune a wani ƙauye da makaranta ta yi mana nisa, duk abin da Baba Metir ya faɗa gaskiya ne, ni dai zan ƙara miki da kuskuren da na yi. Da na fara sai na mai da tsakar gida kamar aji, tun ƙarfe bakwai da rabi har azahar, na rubuta jadawali na manna a bango, kafin sati uku yarinyar in ta ga na ɗauko ardwaz sai ta fara kuka ni ma raina ya ɓaci in yi ta faɗa, ga girki yana jirana. Sai da na rage zuwa awa biyu da safe, karatu minti talatin, a huta a sha kunu, rubutu da ɗan dikte, wato shifta, sannan lissafi, shi ke nan, kuma abin mamaki a lokacin ne ta fara ci gaba. Yaro ɗaya ko biyu a gabanki ba irin aji ba ne, abin da metir zai yini yana yi ke cikin awa biyu kin gama.

Lissafi kuma ban sayi komai ba da farko, murafun kwalba na tara da ƙwallon dabino, tsinken tsintsiya kuma muna ɗaure goma-goma da zare, ɗauri uku da tsinke huɗu talatin da huɗu ke nan, ta gani da idonta kafin ta rubuta 34. Da ta ɗan waye sai na buɗe mata shago a kan tabarma, magi da ashana da sabulu, in ba ta 500 in sayi na 175 ta ba ni canji da kuɗin gaske. Ranar da ta kama mai kanti ya rage mata 25 wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Ki sami kaye guda ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da kuka yi kullum, ko layi biyu ne, shi ya taimake ni da muka dawo gari, darekta ya duba ya yi mata gwaji ya sa ta CE2. Kuma tunda naki ba shi da lafiya, ranar da jiki ya ƙi ki bar shi ya kwanta, ki ba shi tatsuniya kawai.

Kawu na Kuseri:

Hajiya ni ban hana ba, amma ina da ja a kan ƙanwar. Yaron yana da uzuri, ita fa? Lafiyarta ƙalau, me zai sa a hana ta SIL? Faransanci ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba, a bakin yara ake tsintarsa wajen wasa, in ta zauna gida Hausa da Fillanci kawai za ta riƙa ji. Ni ina ganin ki kai ta, in ta dawo su yi bita tare da yayanta, sai ya zama ita ce ma take kawo muku labarin inda aji ya kai. Sannan ki kula da littattafan da ake tsallakowa da su, mu nan gada ce kawai tsakaninmu da Njamena, kuma a Cadi ajin farko CP1 ne sai CP2, ba SIL ba, na ga wanda ya sayo littafin can yana zaton ɗaya ne da namu. Shi ma yaron kar a kulle shi, ya riƙa fita cikin sa'o'insa ranar da yake jin ƙarfi.

Malama Inna, Garwa:

Ƴata Allah Ya yi albarka. Kar dai a bar allo a cikin lissafin nan. Da yamma bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, ya tafi makarantar allo ta unguwa, nan zai samu abokan da Kawu yake magana. Sai dai ki raba lokutan sosai, boko da safe, Larabci da yamma, domin ɗaya daga hagu ake rubuta shi ɗaya daga dama, in aka haɗa wa ƙaramin yaro a zama ɗaya sai ya rikice. Ki gaya wa malaminsu larurarsa, kar a dake shi kuma kar a hana shi tashi shan ruwa.

Maman Abba, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri Ya jiƙan magabata. Baba Metir maganarka ta takardar haihuwa ta tayar min da hankali, na bincika akwati na tarar ta Abba tana nan amma ta ƙanwar babu, ashe babansu bai karɓo ba tun lokacin, ya ce ranar Litinin zai je meri, wato ofishin magajin gari, ya tambayi yadda ake yi. Kawu na karanta wa babansu maganarka kuma mun tsaya a kan za a kai ta SIL, raina bai so ba don na saba ganinsu tare, amma kana da gaskiya. Yau da safe na sayo ardwaz biyu da kwalin alli na gwada shi da m da l, ya haɗa ma da la da kansa har ya rubuta lama ya juyo yana tambayata ko kalma ce. Takardar p da f ce dai ba mu dace ba, sai dariya yake yana hura ta. Baba ko zan bar su sai gaba, ko in ci gaba da gwadawa kullum kaɗan-kaɗan?