Musayar Waƙa: Raƙumin Gabas Ya Miƙe

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya Bazazzagi ya gajiyar da mu da waƙar damina, yau ni ke da buɗe fage. Shekarata 14 ina zuwa birnin Gwanzu na Caina sarin yadi, kuma Cainar da na fara gani ba ita ce ta yau ba. Ta da ko tari ba ta yi da ƙarfi, ta yanzu har rabon faɗa take yi. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "na". Wanda ya karya shi zai sayi shayi.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan waƙe ƙasar da ta nemi ilimi,
Ta daɗe a durƙushe kamar raƙumi,
Yau ta miƙe tsaf, ku dubi Caina.

Dattijo Deng ya bar musu wasiyya,
Ku ɓoye haskenku, ku bar hayaniya,
Ku tara ƙarfi, kar ku ja da duniya,
In lokaci ya yi a san ku da suna.

Sai Xi ya zo ya haye kujera,
Ziri ɗaya da hanya ɗaya shi ne ya fara,
Dogo da gada duk ya zo ya gyara,
Je ka Rigasa ka sha kallo da rana.

Saudiyya da Iran shekaru suna gaba,
Masu faɗin sulhu ba wanda ya duba,
A Beijin aka sa hannu, kowa ya ci riba,
Wa ya isa wannan in ba Caina?

Ga masu son lissafi: ziri ɗaya da hanya ɗaya, shirin shugaba Xi na gina hanyoyin ciniki, 2013, jirgin Abuja zuwa Kaduna 2016, sulhun Saudiyya da Iran watan Maris na 2023. Fage naku ne.

Na-Damagaram:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kanawa dai ba ku canza ba, duk wanda ya ba ku bashin atamfa waliyyi ne.

Bakano in ya yabe ka riƙe jaka,
Yabonsa ciniki ne, ya san abin da ya shuka,
Ni da matata muke maƙwabtaka,
Ni zan faɗa maka halin mutan Caina.

Sun haƙa Agadem sun shimfiɗa bututu,
Har gaɓar Benin, ba dare ba hutu,
Ɗan ƙasa da digiri, ya sha karatu,
Albashinsa bai kai rabin na baƙo ba, ka auna.

Matatar man garinmu tun 2011 take aiki, bututun kuwa ya kusa kilomita 2,000. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a 2023 Faransa ta yi ta kumfar baki, Beijin ko uffan, wai ita ba ta shiga sha'anin cikin gida. Amma a Maris na 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an mai uku 'yan Caina, kuma tazarar albashi na cikin dalilan da ta bayar. Ka sa wannan a waƙarka.

Ɗan Kwari:
La haula! Ashe Malam kai da matarka maƙwabta ne? Shi ya sa ka fi mu samun lokacin waƙa.

Malam da kanka ka tona sirrin gida,
Kai da matarka katanga, mun shaida,
Kai ƙara Beijin, can ake sulhu ba lada,
Wanda ya shirya Iran zai shirya ku da rana.

Ba yau kuka fara ba, mun san tarihi sarai,
Kun saki Beijin kun ɗauko Taiwan kawai,
Shekara huɗu kuka dawo kuna wai-wai,
Aka yi kome, ku ke da sakin amana.

1992 kuka sake ta, 1996 kuka yi kome. In ƙarya nake yi ka ƙaryata.

Na-Damagaram:
Matatar MAI na ce, mai na mota! Allah ya shirye ka Alhaji. Batun Taiwan kuma ina yaro lokacin, ka tambayi waɗanda suka ɗaura auren.

Bazazzagi:
Allah ya ja zamanin Na-Damagaram! Baiti biyu kacal ya kwance wa Bakano zani a kasuwa, shi ya sa ya gudu ya fake da zancen mata. Sannan Alhaji, gyara kaɗan: "ba wanda ya duba" ba gaskiya ba ne. Iraƙi da Oman sun daɗe suna zaunar da Saudiyya da Iran, tun 2021 ake ganawa a Bagadaza. Wasu suka yi tuƙin tuwo, Beijin ta zo ta kwashe a mara.

Masaƙa nawa aka rufe a Kakuri?
Sharaɗa ta yi tsit kamar ba ta a gari,
Kai ko kana Gwanzu kana ta sari,
Kana tafa wa wutar da ta ci maka gona.

Ɗan Kwari:
Caina ce ta ɗauke wa Kakuri wutar lantarki? Ita ce ta buɗe iyaka ana shigo da yadi ta bayan gida? Kowa ya san abin da ya kashe masaƙa.

Bazazzagi mai baki kamar ganga,
Wayar da ka rubuto, juya ta ka duba ka ga,
Fitila da babur, har hula da riga,
Tuɓe nasu duka mu ga da me za ka kwana.

Gwaggon Zango:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Tun ɗazu nake karantawa ina yankan kuɓewa. 'Ya'yana, ku bar matar Malam ta huta.

Ku bar batun mata, ku 'ya'yan zamani,
Ku zo kogin Ofin idonku ya gani,
Ruwa kamar kunun kanwa, damina da rani,
Zinari ya wuce, rami ya saura a Gana.

Amma ban ɗora musu laifin duka,
Baƙo bai san hanyar daji ba sai da jagora, haka,
Da ɗan gari kan ci gari, kun san haka,
Mai sai da kogi ya fi mai saye cin amana.

A 2013 an kori dubban 'yan Caina daga nan saboda galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, to ga shi har yau ruwan bai washe ba. Kai kuma Alhaji, ɗana, tambaya ɗaya gare ni. Watan Afrilun 2020, da aka riƙa fitar da baƙar fata daga gidajen haya a Gwanzun naka wai su ke da korona, har shugaban majalisar wakilanku ya kira jakadansu ya nuna masa bidiyo, kana ina?

Bazazzagi:
Gwaggo ta gama magana. Baitinta na farko ya fi duk abin da aka rubuta a zauren nan tun bayan sallah. Alhaji, muna jira.

Bazazzagi:
Shiru kake ji. Ko kwantena ta iso ne?

Ɗan Boko:
Iyayena ku ba yaro wuri ya tsoma baki,
Da can jakadan Sin murmushi ne da ladabi wurin aiki,
Yanzu wasu sun zama kyarkeci, abin mamaki,
Ka taɓa su kaɗan su yaɓa maka magana.

Ostareliya ta ce a binciki asalin cuta,
Aka lafta wa sha'irinta haraji don a hukunta,
Lituweniya ta karɓi Taiwan, ita ma ta sha wuta,
Wannan ba raƙumi ba ne, Baba, a sake masa suna.

Ku yi haƙuri da gurguwar waƙa, koyo nake. Harajin sha'ir ɗin a 2020 ne, kusan kashi 80 cikin ɗari. Rigimar Lituweniya 2021, kan ofishin wakilcin Taiwan. Amma da alama sun lura tsawa ba ta sayo musu masoya: a Janairun 2023 aka ɗauke Zhao Lijian, kakakin ma'aikatar wajen da ya fi kowa zafin baki, aka kai shi sashen kula da iyakoki, a shekarar kuma aka janye harajin. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Jibuti. Ƙasar da ta daɗe tana sukar masu girke soja a ƙasar wasu, a 2017 ta buɗe nata sansanin a can. Me manya suka gani?

Ɗan Kwari:
Gwaggo ki gafarce ni, jiya ban iya amsa miki ba. Ina can. Mai gidan da nake sauka shekara shida ya fito mini da jakata bakin ƙofa, ko ido bai yarda mun haɗa ba. Ni da wasu 'yan Mali biyu muka kwana a ƙarƙashin gada, ana yayyafi, na yi matashi da samfurin leshin da na zo nuna wa masaƙa. Da asuba wata tsohuwa mai shara ta ajiye mana ruwan zafi a gora ta wuce, ba ta ce komai ba. Kwana uku bayan haka mutumin da nake sari a wurinsa ya neme ni ya sama mini ɗaki, kuma shi ne ya ba ni kaya bashi shekarar da ba ni da ko sisi.

Gwaggo ban manta daren gada ba,
Ban kuma manta gorar ruwan tsohuwa ba,
In na yabi dogo ban ce mala'iku ne ba,
Ƙasa ɗaya ce ta kore ni ta kuma ba ni wurin kwana.

Malam Aruli:
Assalamu alaikum. Na dawo daga tafiya na tarar an yi wa waƙa kisan gilla. Alhaji, ɗangon nan naka, "Ziri ɗaya da hanya ɗaya shi ne ya fara", gaɓa 14 ne, na samansa 10. Wannan ba ɗango ba ne, tirela ce. Ka rufe baiti da "rana" sau biyu, da "Caina" sau biyu, da "kwana" sau biyu, alhali ga zauna, ga ƙauna, ga tuna duk suna zaman banza. Hajiya, da girmanki, kin haɗa "haka" da "haka" a baiti guda. Yaron nan Ɗan Boko kuwa labaran ƙarfe bakwai ya yayyanka ya jera. Ga yadda ake yi, karin Mutaƙarab ne, ku bi da yatsa:

Ku auna ku gyara, ku bar yin gadara,
Da waƙa da shirme akwai 'yar tazara,
Idan ba ka auna, ka koma ka fara,
Batun Sin daban ne, kari ne batuna.

Bazazzagi:
Allahu akbar! Malam ya sauka. Alhaji, shayi ya hau kanka, da madara.

Ɗan Kwari:
Allah gafarta Malam, mutum ya ba da labarin kwanansa a ƙarƙashin gada, kai gaɓa kake ƙirgawa? Sunan shirin ke nan a Hausa, haka gidan rediyon Sin ke faɗinsa kullum. In datse masa wutsiya don ya shiga bahari?

Na-Damagaram:
Yau dole in tsaya wa Bakano, Allah ya yafe mini. Malam, aruli ba ƙidaya ba ce, awo ne. Gaɓa biyu marasa nauyi sukan tsaya a madadin ɗaya mai nauyi, kai ka koya mana. "Ɗaya" ta zo sau biyu a ɗangon, kowace gaɓa biyu ce sassauƙa.

Malam Aruli:
Na yarda. Cire biyu daga 14, saura 12. Har yanzu ya fi 10. Tirelar ce dai aka rage wa taya. Sannan ku faɗa mini, "Xi" ɗin nan da ja ake karanta shi ko ba ja? In ba a san nauyinsa ba ta yaya za a auna ɗangon?

Bazazzagi:
Damagaram ta koma bayan Kano? To wannan shi ne sulhun da ya fi na Beijin ban mamaki.

Na-Damagaram jiya kai ne zaki,
Yau Bakano ya ba ka yadi ka yi shiru da baki,
Sai ka yi kome kuma, ba abin mamaki,
Hali zanen dutse, Alhaji ya faɗa mana.

Gwaggon Zango:
Malam, "haka" ta farko da ta biyu ba ɗaya ba ne, ka tambayi masu ji. Mu da muka tashi da waƙar niƙa da ta daɓe ba mu san Mutaƙarab ba, dutse ne ke ba mu kari, kuma ba a taɓa cewa ta karye ba. Baitinka ya daidaita kamar haƙoran roba, sai dai ba ya tauna komai.

Malam Aruli:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban, Hajiya. Nan rubutawa muke yi.

Ɗan Boko:
Don Allah batun Jibuti fa?

Malam Aruli:
Ka fara gyara "murmushi ne da ladabi wurin aiki" tukuna.

Mai Jakai:
Sai yau na ga saƙonnin nan, kwana huɗu ba na kusa da gari. Ban karanta rigimar Malam ba, ta yi yawa. Alhaji nake amsa wa.

Ku gafarce ni, ba sabis a ƙauye,
Ni Cainar da na sani jakai take saye,
Fata take so, ba ta son shi a raye,
Yau tulu a kan 'yata, ba jakin zuwa gona.

Dafa fatar suke yi su haɗa magani. Nijar ta hana fitar da jakai tun 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su don fata a Fabrairun 2024, amma ku zo kasuwar Maigatari ku ji kuɗin jaki. Nawa guda biyu aka kwance a turke cikin dare ɗaya.

Ɗan Kwari:
Allah ya mayar da alheri, Mai Jakai. Nawa ake sayar da babba yanzu? Tambaya kawai nake yi.

Na-Damagaram:
Kun gani ko? Na janye goyon bayana. Mai Jakai, ƙara wa turkenka igiya.