Karena ya ji rauni a maƙogwaro, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Karen nan marigayi yayana ne ya kawo shi daga Tibiri tun yana kwikwiyo. Shi ke gadin jajayen awakinmu a garka wajen Jiratawa, shekara 4 ko ɗan akuya ba a taɓa ɗauke mana ba. Shekaranjiya da asuba na tarar da huda biyu a ƙarƙashin wuyansa. Yanzu ya kumbura, in na danna sai fatar ta yi ƙara kamar ana murza leda. Yawu na ta zuba, ko koko ya kasa haɗiyewa. Na shafa baƙin mai, na ba shi farasitamol.

Baba mafarauci: Ɗana, kwantar da hankalinka. Shekara 30 ina shiga daji da karnuka. Toka da man shanu, kwana uku ya miƙe.

Ma'aikacin dabbobi: Baba, a yi haƙuri. Wannan ƙarar iska ce ta shiga ƙarƙashin fata, alamar haƙori ya huda hanyar numfashi. Malam, daina farasitamol, yana lalata hantar kare. Kwance masa igiyar wuya, ka kai shi wurin likitan dabbobi yau a wanke ramin, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. An taɓa yi masa rigakafin ciwon haukan kare?

Mai tambaya: Baƙin man shi ya kori ƙudaje ai. Kuma da me zan kawo shi Maradi? Ba ɗan kabu-kabun da zai yarda.

Hajiya: Mu nan Bagalam karen maƙwabta ya cinye min kaji 6, ko sannu ba a ce min ba.

Baba mafarauci: Ni da na kai nawa wurin likitan dabbobi, jika biyar aka karɓe, ya mutu a hanyar gida. Ka bi tawa, ɗana.

Ma'aikacin dabbobi: Malam, ba ka amsa ba. Ba ka san abin da ya cije shi ba. Kada ka sa hannu a bakinsa, ka hana yara zuwa kusa. Wanda yawun ya taɓa masa ciwo ya wanke da sabulu minti 15, ya wuce asibiti.

Mai tambaya: Karena lafiyarsa lau a ka, ya san muryata. Jiya ma na buɗe bakin na leƙa ko ƙashi ne. Tokar da sanyi ake sa ta, Baba?