Me ya jefa Kano Pillars gasar 'yan dagaji a kakar 2021/2022?

Ɗan Gezawa:
Assalamu alaikum. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta ƙofar gidan kallo, na ga ya dace in kawo ta gaban masana. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin Firimiyar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sannan ta ci kofin ƙalubale a 2019, yaya aka yi ta faɗi a kakar 2021/2022? Wasu sun ce hukuncin rage maki ne ya kayar da ita, wasu kuma sun ce 'yan wasan ne suka gaza. Ina gaskiyar take?

Malamin Firamare, Bichi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin a yi maganar maki sai a fara da maganar fili. A gasarmu ƙungiyoyi 20 ne, kowacce tana buga wasa 38, kuma duk mai bin gasar ko da ta rediyo ne ya san cin wasa a waje abu ne mai wuya, saboda doguwar tafiya a mota, da matsin 'yan kallo, da kuma alƙalancin da ba kullum yake gamsar da baƙo ba. Don haka jarin kowace ƙungiya shi ne wasanninta 19 na gida. To, Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna maimakon filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda ta taɓa shafe sama da shekara goma ba a doke ta a gasar ba. Da aka dawo da ita Kano a watan Afrilun 2022, wasanta da Katsina United bai kai ƙarshe ba. Rikici ya ɓarke, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. A ganina korar ta fi cire makin illa, domin maki uku wasa ɗaya ne, amma ƙungiyar da ake wa kirari da Sai Masu Gida ba tare da gida ba, ai sunan ne kawai ya rage.

Na Ringim:
Malam ya yi bayani, amma ina da ja. Mu a Jigawa mun riga ku ɗanɗana wannan, tunda Jigawa Golden Stars ta faɗi a kakar da ta gabaci waccan, kuma ba rikicin 'yan kallo ne ya kayar da ita ba. A kakar da ake magana, Rivers United ta koci Stanley Eguma ta ɗauki kofinta na farko da maki 77, kuma ba a tara irin wannan maki sai da cin wasanni a waje. Ashe ke nan ana iya ci a gidan wani idan an shirya. Katsina United ma, wadda aka yi wa ɓarnar, tare suka faɗi da Pillars, da Heartland da MFM.

Dattijon Kazaure:
'Ya'yana, kowannenku ya riƙe gefe guda. Abin da ban ji kun ambata ba shi ne cewa yawancin ƙungiyoyin nan na gwamnatocin jihohi ne, shugabanninsu naɗi ake yi, kuɗinsu kuma sai an jira sa hannu, ta yadda sauyin siyasa kan taɓa har wanda zai tsare raga. Ku dubi Remo Stars ta Ikenne, wadda mutum ɗaya ya mallaka: ita ce ta zo ta uku a waccan kakar, daga nan ta sauya koci ta bar shi yana gini a hankali, har ta ɗauki kofin a 2025. Rivers ta gwamnati ce, na sani, kafin wani ya tuna mini, amma an bar kocinta shekaru yana aikinsa.

Ɗan Gezawa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai Pillars ma ta gwamnati ce lokacin da ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, kuma shekara guda kawai ta yi a ƙasa ta dawo a 2023. Ni dai bayanin Malam na fi karkata gare shi, kuma shi zan kai wa majalisa bayan Isha'i.