Idan katako ya ƙi bin zanen da aka yi masa

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, abokan sana'a. Shekara 14 ke nan ina aikin katako, kuma na lura cewa ayyukan da suka fi kwanta mini a rai ba su ne suka fito daidai da zanen takarda ba. A watan jiya na ɗauko wani faffaɗan katakon maɗaci domin saman teburi, ina kankare fuskarsa sai ga tsaga ta bayyana daga baki ɗaya, ta yi kusan kamu guda zuwa ciki. Kwana uku ke nan yana jingine ina dubansa, na kasa sa masa zarto. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana yadda ya yi.

Kafinta mai haɗa tebura:
Malam, kada ka yanke shi. Ni ma na daɗe ina jefar da irin wannan katako, har sai da na ga ayyukan George Nakashima, Ba'amurke ɗan asalin Japan wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1990. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tsare shi a wani sansani a jihar Idaho, kuma a can ya ƙara koyon aikin hannu wurin wani kafinta da ya yi horo a Japan. Nakashima ba ya ɓoye tsaga, yakan sassaƙa ɗan guntun katako mai siffar fukafukan malam-buɗe-littafi, siriri a tsakiya, mai faɗi a bakunansa biyu, ya nutsa shi a gicciye a kan tsagar domin ya hana ta ci gaba. Ranar da na fara gwadawa sai da na lalata guntaye huɗu kafin na biyar ya zauna daram, ba tare da ratar da farce zai shiga ba. Abin da na koya shi ne a fara sassaƙa guntun, a ɗora shi a zana gefensa da wuƙa mai kaifi, sannan a haƙa ramin, kuma jijiyar guntun, wato layukan da ke bin tsawon katako, ta gitta tsagar. Mai teburin ya gaya mini cewa wurin nan baƙi suke fara shafawa.

Mai sassaƙa cokula:
Nawa aikin ƙarami ne, amma darasin ɗaya ne. Na taɓa tsinto reshe mai gwiwa wanda da farko na ɗauka bai da amfani, da na tsaga shi sai na ga jijiyar ta lanƙwasa da kanta daidai inda mariƙin cokali ke haɗuwa da bakinsa. Cokalin ya fi duk waɗanda na yanka daga miƙaƙƙen katako ƙarfi, domin ban datse jijiyar ba, na bi ta ne kawai. Tun daga ranar, reshe nake fara dubawa kafin in yanke shawarar abin da zan yi.

Tsohon kafinta:
Ina da ja kaɗan, 'ya'yana. Ba kowace tsaga ce ado ba, wata shaida ce cewa katakon bai gama bushewa ba. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya rasa danshi, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar kowane inci ɗaya na kauri ya sha iska kimanin shekara guda. Ina matashi na yi gaggawa, na manne saman teburi da gam a jikin ƙafafunsa ta yadda ba shi da wurin motsi, kafin wata shida ya rabe gida biyu a ɗakin mai shi. Kunyar da na ji har yau ban manta ba. Malam, ka sa alamar fensir a ƙarshen tsagar, ka jira mako biyu ko uku ka ga ko ta wuce.

Mai buɗe zance:
Na gode, Baba. Na bi shawararka, na jira mako uku kuma tsagar ba ta wuce alamar ba. Na sauya zanen ta yadda tsagaggen bakin zai fuskanci mai shigowa ɗaki, kuma jiya na sassaƙa guntaye uku daga wani baƙin katako da ya rage mini. Gobe da safe zan fara haƙa ramin na farko.