Otal mai natsuwa a Ikoyi: ina zan sauke surukina?

Bakanon Agege:
Assalamu alaikum. Surukina, wanda ya haura shekara 70, zai zo daga Kano a watan Yuli domin ganin likita a Victoria Island da ke Legas, kuma jikinsa ba zai jure tasowa daga Agege kowace safiya ta gadar Third Mainland ba. Ina so in kama masa ɗaki a irin ƙananan otal-otal ɗin Ikoyi masu tsada waɗanda ko allon suna ba su cika kafawa a ƙofa ba, domin dattijo ne mai kawaici da ba ya son kiɗa ko cinkoson jama'a. Me ya kamata in duba kafin in biya?

Hajiyar Obalende:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Baba lafiya. Ka nemi tsohuwar Ikoyi, wato lungunan da ke bayan titin Bourdillon da Glover da Alfred Rewane, wanda dattawa har yanzu suke kira Kingsway. Turawan mulkin mallaka ne suka tsara unguwar domin zaman ma'aikatansu, shi ya sa filayenta suke da faɗi da manyan bishiyoyi, kuma wasu daga cikin otal-otal ɗin asalinsu gidajen zama ne.

Sai dai kada hotunan intanet su ruɗe ka. Ka je da ƙafarka bayan sallar isha'i, ka shiga ainihin ɗakin da za a ba shi, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka saurara. Idan kana jin gurnanin janareto ta bango, ka nemi a sauya maka, domin a Legas wannan injin ne ke raba otal na ƙwarai da wanda ya sha fenti kawai. Ka buɗe famfo ka ga launin ruwan, ka sansana labule da kafet, tun da Yuli tsakiyar damina ne kuma warin danshi ba ya ɓuya. Da rana kuma ka leƙa maƙwabta, domin ana yawan rushe tsofaffin gidaje ana tayar da dogayen benaye, ga ƙarar aiki tun da sassafe.

Malam Akanta:
Hajiya ta gama magana a kan ɗaki, ni zan taɓo lissafi. Farashin da ake fara faɗa sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba: akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar Legas na kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, sannan wurare da dama suna ɗora kuɗin hidima. Ka ce a rubuta maka jimillar, a kuma bayyana ko karin kumallo yana ciki. Ka tanadi mota da direba, domin tun Yunin 2022 aka haramta acaɓa a ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda Ikoyi take ciki, kuma duk da cewa gadar Falomo ce kawai tsakaninku da Victoria Island, ruwan sama mai ƙarfi yakan tsayar da motoci cak.

Dattijon Idi-Araba:
Alhaji, ban ƙi Ikoyi ba, amma shirun da kake nema yana iya zame wa Baba kaɗaici. Mutumin da ya saba da sallar jam'i da hirar ƙofar gida, idan aka rufe shi a ɗakin da ko kiran salla ba ya ji, kwana biyu zai ce a mayar da shi Kano. Ka haɗa shi da ɗaya daga cikin jikokinsa, ka kai buta da dardumar salla, ka nuna musu alƙibla, wadda daga Legas take gabas maso arewa. Ka sa a kwashe barasar da ke cikin ƙaramin firjin kafin ya iso. Ka kuma tambaya ko suna yarda a shigo da abinci daga waje, domin Obalende tana nan kusa, kuma tuwo da miyar kuka za su fi yi masa daɗi a kan duk abin da ke cikin takardar abincinsu.

Bakanon Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar da daddare zan je in duba wurare biyu a bayan Glover, kuma zan nemi ɗaki mai gado biyu saboda jikan nasa.