Neman kalma: me za a kira "fotiret" na dabba? Gobe zan naɗi shiri

Mai Shirin Matasa: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Gobe da hantsi zan naɗi shirin matasa da sana'a, baƙona mai ɗaukar hoto ne. Da yake Babbar Sallah ta ƙarato, zancen hoton raguna za mu yi. Kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce "fotiret", wato portrait na Turanci, kuma ba zan zuba wa masu sauraro a Wurno da Gwadabawa wannan a kunne ba. Na ce mu ce hoton dabba kawai, ya ce da bambanci. A taimaka kafin dare.

Ɗan Kara: Fasfon rago. An gama.

Bakano: Hoton fuskar dabba. Mene ne abin wahala a nan?

Mai Kyamara: Anti, ni ne baƙon, bari in faɗi bambancin don masu ba da kalma su san abin da za su raɗa wa suna. Hoton da dillalan Kara ke turawa a WhatsApp, ana tsayar da rago a gicciye ne, a ga tsawonsa da cinyarsa. Wannan hoton talla ne, nama ake nunawa. Wanda nake nufi kuwa, wannan ragon kansa ake nema, da halinsa, har mai shi in ya gani ya ce nawa ne. Sai ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa, ka saita kaifin hoton a kan idon da ya fi kusa da kai. Ka ja baya ka jawo shi da dogon gilashi, milimita 85 zuwa 200, don in ka kusanto da waya hancin zai kumbura, kunnuwa su tsuke. Raƙumi ya fi kowa shan wannan wulaƙancin. Ƙiftawar kyamara kada ta fi 1/500 na daƙiƙa daɗewa, akuya ba ta jiran kowa. Kuma ba dole fuska kaɗai ba ce. Bajimin Bokolo in ka yanke masa tozo ka rage shi. Saboda haka "fuska" ta yi mini ƙunci.

Hajiyar Kiwo: Yaron nan ya yi gaskiya. Tunkiyar Uda ma kyanta rabin nan ne, gaba baƙi baya fari. Ka ɗauki kai kaɗai, ina Udancin?

Mai Kyamara: Hajiya, ita ce ma ta fi wuyar ɗauka. Da rana tsaka farin ya ƙone, baƙin ya toshe, ba ka ga gashi ko ɗaya. Sai da sassafe ko la'asar sakaliya, ko a bakin inuwar rumfa ta fuskanci waje, hasken ya ɗan ɗiga a ƙwayar ido. Lokacin hazo kuwa rana da kanta take yin laushi.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Fasfo kuma? Mu ɗebe baƙuwar kalma mu aza wata baƙuwa? Hausa ba ta tsiyace ba. Muna da "kama", muna da "kamanta". Mu yi mata ɗafin "-au", irin na mantau da tunau, mu samu KAMANTAU. Kamantau na rago, kamantau na doki. Gajeruwa ce, ta zauna bisa ƙa'ida, kuma ni na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita. Sannan a bar "dabba", Larabci ce. Mu nan bisa muka gada, jam'i bisashe.

Ɗan Kara: Allah shi gahwarta Malam, in nic ce ma Bahillace zo in yi ma bajiminka kamantau, cewa zai yi mi nim manta? Kuɗinai na biya.

Bakano: Kuma in aka ce "hoton bisa" a rediyo, mu a Kano sai mu zaci daga sama aka ɗauka da ɗan jirgin nan mara matuƙi.

Malamin Nahawu: To ga irinta nan. Komai sai an auna shi da kunnen Kano. Don an jingina Daidaitacciyar Hausa da karin harshenku ba shi ne ke nuna namu kuskure ba ne. A ƙasar nan Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙinta na Hausa, ba ta nemi izinin kowa ba. Shirin nan a Sakkwato za a sa shi ko a Kurmi?

Bakano: Malam, ban taɓa Nana ba, ni wa. Amma "hoto" da kake ta rubutawa, daga wace rugar aka samo ta? Ba ta Turawa ba ce? In ita ta sami gurin zama, fasfo ma a ba ta tabarma.

Malamin Nahawu: Hoto ta daɗe a bakinmu har ta haifi hotuna. Fasfo kuwa na takardar makaranta ne, mutum ya daskare kamar an kama shi da laifi. Shi yaron cewa ya yi hali yake nema.

Ɗalibar Jami'a: Malam, a gafarce ni, tambaya ce. Mantau da tunau ai mai yin abin suke nunawa. Ashe kamantau ba zai zama mai kamantawa ba, wato shi mai kyamarar? Kuma kamanta gwada wani abu da wani ne. Me zai hana "surar dabba"?

Hajiyar Kiwo: A'a ɗiyata, bar sura a rediyo. A Larabci haruffan daban ne, amma a kunnenmu ɗaya ce da ta Alƙur'ani. Kada a ja wa yarinya kiran waya.

Malamin Nahawu: Ɗafin "-au" ya fi yadda kike zato faɗi. Za mu yi wannan a aji.

Mai Shirin Matasa: Don Allah iyayena, an kusa kiran Isha'i, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Ɗalibar Jami'a: To "hoton kamanni". In dabba ta ɓace ai kamanninta ake faɗa wa mai cigiya: ja ce, kunnen hagu a tsage, da fari a goshi. Abin da ya raba ta da sauran garke ke nan. Hoton talla gefe guda, hoton kamanni gefe guda.

Mai Kyamara: Wannan zan iya faɗa ba tare da harshena ya sarƙe ba. Sai dai bai kamo halin ba. Jar akuyar Sakkwato in ta ji an girgiza dusa a kwano ta miƙe kunnuwa ta juyo, ƙwayar idonta a kwance, wannan daƙiƙar nake farauta. Amma zan cike da bayani. Saura guda: yadda baya yake narkewa in an buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8. Waya tana kwaikwayonsa da lissafi, shi ya sa take cinye bakin ƙaho da gashin gemu.

Bakano: Dishi-dishin baya.

Ɗan Kara: Hazon baya. Wanga ko ɗiyan goye sun san shi.

Malamin Nahawu: Dishi-dishi ciwon ido ne, hazo yanayi ne. Ina da kalma, amma tunda ba a son sabo na riƙe abata.

Mai Shirin Matasa: Na gode ƙwarai. Zan ce "hoton kamannin dabba", a karon farko in ƙara da "ko bisa, kamar yadda muke cewa". Na bayan kuma shi baƙon ya bayyana da bakinsa. Malam, a yi mini afuwa.

Malamin Nahawu: Ba laifi, tushen dai "kama" ne, ba ku yi nisa da ni ba. Amma kalma uku inda ɗaya ta isa, ɓarnar iska ce. A darasina kamantau na nan.

Ɗan Kara: Mai Kyamara, in kun ƙare ka biyo Kara. Ina da Balami ukku, fasfo nika so.